Harƙiya a Gonar Sodangi

Litinin, 18 ga Yuni, 1962. Birchi, da hantsi.

Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye kowa ya saɓi hauya ya nufi gona. Ni kaɗai nake zaune a ƙofar gida kamar baƙo. 'Yar gonata ta bayan gida na nome ta tun makon jiya, dama ba wata gona ba ce. Mai waƙar noma gonarsa ita ce gonar wanda ya kira shi gayya, kuma bana ba wanda ya kira ni. Lado makaɗina ya zo ya zauna, ya ɗora ganga a cinya yana ta gyaran tsarkiyar da ba abin da ya same ta. Muka yi hirar gyaɗa. Ni da Lado, hirar gyaɗa!

Da na gaji da zama na zaga ta hanyar rafi, na bi ta gefen gonar Sodangi. Da na sani ban bi ba. Geron ya fito, masha Allah, don matan gidan da maƙwabta sun jefa iri ranar ruwan shuka. Amma harƙiya ta fito tare da shi, kuma ta fi shi sauri. Gonar Sarkin Noman Birchi ke nan, mutumin da ake tasowa daga Kurfi da Kuki a zo kallo in ya duƙa. Tun abin da ya faru da bazara bai taɓa ƙotar hauya ba. Yana zaure yana kallon bango.

Ba zan rubuta abin da ya faru ba. Kowa ya sani.

Malam Ummaru, wanda ya koya mana baƙi da wasali a ajin Yaƙi da Jahilci, ya taɓa ce mana in magana ta tsaya wa mutum a maƙogwaro, ya ba takarda. To ga shi na ba ta. Ita dai ba ta kau da kai in ta gan ni.

Talata, bayan azahar.

Fatu matata ta dawo daga gidan suna ta jefar da mayafi kan gado. Wai tana shiga mata suka yi tsit, wata tsohuwa ta ce ga matar mai kiran 'ya'yan mutane ta iso. Na ce ta rabu da su, bakin mutane ba shi da ƙyaure. Ta ce, "Naka ma ai ba shi da shi, Malam. Shi ya kawo mu nan."

Laraba, da la'asar.

Na je gaishe da Sodangi. Na yi sallama, ya amsa. Na ce ina gajiya, ya ce babu gajiya. Na ce ya haƙuri, ya ce da godiya. Duk abin da ake amsawa ya amsa, bai rage ko ɗaya ba, kuma bai dube ni ba. Tun muna samari nake shiga zauren nan, ban taɓa fita bai zage ni ba: maroƙi, ci-ma-zaune, mai baki kamar ƙofar kasuwa. Yau girmama ni ya yi. Na fito jikina a sanyaye.

Dattawa suna ta yabonsa. Wai ko ranar sadakar arba'in ba a ga ɗigon hawaye a idonsa ba, wai haka ake son namiji a kan ɗan fari. Gaskiya ne, haka muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Tunda aka haifi yaron nan ban taɓa jin sunansa a bakin Sodangi ba, balle a bakin Tani uwarsa. Daga "kai, wane" sai "yaron nan", shi ke nan. Yanzu kuma kukan ma an hana su, ana ce wa abin kawaici. Su dattawan ba su ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa ba?

Alhamis, da magariba.

Ban je ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Kurfi.

Na ga Malam Ummaru a gindin durumi yana naɗe ƙafar wando zai hau keke. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ya'u, na ji abin da ake faɗa. Kada ka ɗora wa kanka. Sanƙarau bai san makaranta ba. Yara nawa ya ɗauka a Birchi bana waɗanda ko alli ba su taɓa gani ba?" Na ce haka ne. Ya ce ajin manya ya watse tun lokacin, wasu ma sun janye 'ya'yansu daga elementare, in daure in leƙo ko mutane za su dawo. Na ce to. Gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar wanda zai hau keke ya tafi gida ce.

Bari in rubuta yadda aka yi, don labarin ya fara sauya kama a bakin mutane, har ana cewa biyana aka yi. Shekarar da aka zo ɗaukar yara makaranta, mutanen Birchi a rumbu suke ɓoye 'ya'yansu, wasu su tura su ruga. Ni a lokacin sabon shiga ne a aji, da furfurata ina koyon baƙaƙe, ana yi mini dariya ana cewa maroƙi zai zama akawu. Ranar da na karanta Dutsin-Ma a goshin mota ba wanda ya gaya mini, tsayawa na yi a tasha ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Na ce wannan daɗin bai kamata ya tsaya a kaina ba. Ba wanda ya sa ni. A gayyar gonar Maigari, jama'a cike, ana tsakiyar taken Sodangi, sai na ƙara masa wannan:

Namijin da harƙiya ba ta kora ba,
Ba ya ɓoye ɗa a rumbu.

Ya ɗago gumi na zuba, ya yi kirari, ya ce gobe a rubuta yaron nan. Gidaje da dama suka bi bayansa. Yaron ya gama makarantar Kurfi, ya ci jarrabawa, aka wuce da shi makarantar kwana a birni. Can ciwon ya same shi. Kafin labari ya iso Birchi an riga an kai shi makwancinsa.

Ga shi na rubuta, bayan na ce ba zan rubuta ba.

Asabar, da hantsi.

Jiya Maigari da dattawa suka shiga wurin Sodangi, suka ce za a yi masa gayya, samari su share gonar. Lado yana bakin zaure, shi ya kawo mini labari. Ya ce Sodangi ya saurare su har suka gama, sa'an nan ya ce, "Na gode. Amma duk wanda ya sa hauya gonata ina da rai, ban yahe mashi ba." Dattawa suka karkaɗe riguna suka fito. Na san halinsa. Shi ke buɗe gayyar kowa, shi ke gaba samari na biye. A shigar masa gona yana zaune kamar tsohuwar da ba ta da kowa, gara masa geron ya mutu.

Lado ya ce, "To saura abu guda."

Na ce kada ya faɗa.

Ya ce, "Sai na hwaɗi. Mu tahi bakin gonar mu kaɗa mashi takenshi."

Wanda ba manomi ba ba zai gane ba. Kowane gwanin noma yana da takensa, kiɗa da waƙa nasa shi kaɗai, kuma in an kaɗa ba ya zama. Ko tuwo yake ci sai ya tsame hannu. Na taɓa ganin Sodangi ya fito daga cikin bargo da zazzaɓi, don kawai ya ji Lado yana gwada sabuwar fata. Wanda aka kaɗa wa take ya ƙi tashi, ya gama zama namiji a garin nan. Ashe in na kaɗa ba roƙonsa na yi ba, igiya na zura masa a wuya. Kuma da igiyar nan na ja shi wancan karon.

Na ce wa Lado ya ɗauki gangarsa ya tafi gida. Ya ce ai dama tasa ce.

Lahadi, da safe.

Harƙiya ta wuce idon sawu. Ba zan ƙara bi ta can ba.

Litinin, da safe.

Na bi ta can.

Laraba, da magariba. Dawowa daga Kuki.

An kira mu gayya a Kuki. Ko labari bai kai can ba, ko ya kai ba su damu ba. Muryar tana nan, ba abin da ya same ta, har na ji haushin hakan. Wani saurayi ɗan siriri na gani yana ja da baya, sai na ɗauke shi da waƙa yadda na saba, na ce wa 'yan matan da suka kawo ruwa su dube shi da kyau. Kafin azahar ya wuce kowa. Tafin hannunsa ya fashe, jini na bin ƙota, shi kuwa sai dariya yake yi. Da can wannan ne abin alfaharina. Nakan ce ni ba na noma, amma ba gonar da ta nomu ba tare da ni ba. Yau sai tsoro ya kama ni, na tsaya a tsakiyar baiti, 'yan amshi suka yi ta maimaitawa suna jirana. Lado ne ya rufa mini asiri da ganga.

Babana, Allah ya jiƙansa, shi ya bar mini sana'ar nan. Yakan ce waƙa ba ta zuba wa mutum abin da babu a cikinsa, tono shi take yi. In haka ne, yaron Kuki yana da noman a jikinsa tun asali. In haka ne, Sodangi yana son ɗansa ya yi karatu tun kafin in buɗe baki, kunya ce ta hana shi nunawa, ni hanya kawai na ba shi. Ina so in yarda da wannan. Amma na san maroƙi, ba wanda ya fi shi iya yi wa kansa waƙa.

Alhamis, da la'asar. Dutsin-Ma.

Na raka Lado sayen fatar ganga. A ƙofar kantin Alhaji Hudu mai hatsi an kunna rediyo, mutane sun yi cincirindo, wani yana waƙa daga Kaduna. Muryarsa da daɗi, ban hana masa ba. Amma bai san wa ke saurare ba, bai san wa ya yi rashi bana ba, kuma in waƙarsa ta jefa wani a rami ba za su haɗu a sahun salla ba. Na ɗan yi masa hassada.

A hanyar dawowa muka tarar da malamin gona yana gwada wa mutane garmar shanu. Lado ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya'u, wanga shi za ya kashe mu. Sa ba ya jin take." Na ce to sai mu koyi kukan shanu. Muka yi dariya, ta farko tun bazara.

Sai dariyar ta koma ciki, don malamin gonar yaro ne, da gajeren wando da fensir a kunne. Abin da ɗan Sodangi yake so ya zama ke nan. In ya zo hutu wurina yake zuwa, ya zauna a tabarmar nan, ya duba rubutuna ya ce, "Baba Ya'u, wannan ai kaji ne suka yi tono." Ya ce in ya gama zai dawo ya sa gonar babansa ta ninka, ni kuma in yi masa nasa taken. Na ce ba a yi wa mai fensir take. Ya ce za mu gani.

Har gobe, in aka tambaye ni, zan ce a kai yara makaranta. Na rubuta wannan ne don in ga ko zan iya. Da ƙyar, amma na rubuta.

Juma'a, da azahar.

Na tashi zan je wurin Sodangi in tambaye shi baki da baki ko ya yarda in kaɗa. Na kai har ƙofar zaure. Ta bakin asabari na hango hauyar a rataye, bakinta ya fara ja da tsatsa, shi kuma yana zaune a ƙarƙashinta. Sai na tuna ba a neman izinin take. In na tambaya zai ce a'a, in ya ce a'a kuwa ƙofa ta rufe ke nan. Na juyo kamar wanda ya yi mantuwa.

Fatu ta ce, "Kai ne hwa ka taɓa yi ma ɗan hakimi zambo gaban ubanshi. Yau kai ke laɓe bayan asabari?" Na ce wancan Ya'un bai san komai ba. Ta ce, "Amma ya hi wanga amfani."

Asabar, da hantsi.

Tani ta zo wurin Fatu wai aron rariya. Gidan Sarkin Noma da aron rariya! Ina zaune a bayan zana ina jin su. Ba ta yi mini sallama ba, da Fatu take magana, amma ta ɗaga murya daidai yadda zan ji.

"Hwatu, rumbu ya kusa ƙasa. Abin da muka tara duk ya tahi wajen 'yan gaisuwa. In geron ga ya mutu ban san abin da zan ba ƙananan ba. Kuma ba geron ne ya hi damuna ba. Mutumen nan ba ya ci, ba ya barci. In damina ta wuce shi yana zaune, ba ya ƙara tashi."

Fatu ta ce, "Allah shi kawo sauƙi, Yaya."

"Amin. Ki ce ma maigidanki, kowa ya ɗaure kura ya san yadda za ya kwance ta."

Na kasa haƙuri, na yi magana ta bayan zana. Na ce, "Tani, kin dai san abin da ke cikin taken."

Ta sani, kowa ya sani. Tun ranar sunan yaron na sa shi a ciki, kuma nan ne amshi yake, nan ganga take sauka:

Sodangi ƙarfen Birchi,
Mijin Tani, baban Ilu,
Gona ta gan ka ta kwanta.

To ga sunan, na rubuta shi. Ilu. Uban bai taɓa faɗa ba, uwar ba ta taɓa faɗa ba, ni nake faɗa musu a gaban duniya, su sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Na sha lura, in na zo wurin nan hauyar Sodangi ta fi nutsewa. Yanzu in faɗa, in caka masa wuƙa a gaban samari? Ko in tsallake, kamar ba a taɓa haihuwar yaron ba?

Na ce, "Tani, yaya zan yi da wurin?"

Can ta ce, "Hwatu, na tahi, na bar tukunya bisa wuta." Ta fita ta bar rariyar.

Lahadi, da la'asar.

Mun je bayan gari gindin kuka, ni da Lado da 'yan amshi, inda ba mai ji. Lado ya kaɗa a hankali da yatsu. Na cire sunan yaron na sa na ƙanwarsa Rahamatu. Baban Rahamatu ya yi wa gangar tsawo, sai da Lado ya ja kiɗan ya ƙara bugu sa'an nan ya zauna da ƙyar. 'Yan amshi kuwa bakinsu ya saba, sai su koma tsohon wurin. Na yi musu faɗan da ya fi laifinsu.

Lado ya ce, "Ya zauna, amma kamar rigar aro."

Na ce ai da rigar aro ma ana zuwa biki.

Ban yanke ba tukuna. In na kaɗa ya ƙi fitowa, na kashe shi a tsaye, ni ma ba mai sake kirana ko gayyar kaji. In kuma ya fito don dole, zai tsane ni har ƙarshen rayuwarsa. Wannan na biyun zan iya ɗauka.

Litinin, da safe.

Ruwa kuma. Harƙiya ta kai gwiwa, geron ya fara rawaya. Maigari ya ce in makon nan ya wuce, ko aljanu ne suka nome ta ba za ta yi ba.

Talata, da magariba.

Na aika wa Lado. Gobe da sassafe. Fatu ta wanke mini rigar saƙi.

Laraba, bayan la'asar.

Ban san ta inda zan fara ba. Muryata ta tafi, gara takarda.

Mun isa bakin gonar rana ba ta fito ba, raɓa ta jiƙa mu har cinya. Ban gaya wa kowa ba, amma Birchi ba ta da sirri. Samari sun riga mu zuwa, suna tsaye can kan hanya, kowa da hauyarsa a kafaɗa, ba wanda ya taka gonar. Lado ya dube ni. Na ce bismillahi.

Ganga ta tashi. Daga gonar zuwa zauren ba nisa, ba yadda za a yi a ce bai ji ba. Na fara, na kai ƙarshe, na sake. Ba kowa. Rana ta fito, ta ɗaga. Dattawa suka fara kallon ƙasa, na ji wani yana cewa a bari haka nan, kada a tozarta shi. Na ce a raina, Ya'u, mutum biyu ke nan ka kashe a gida ɗaya. Lado bai tsaya ba. Wallahi shi ya riƙe ni, don da ya sassauta hannu da zaunawa zan yi a ƙasa.

Sai ga shi. Ba riga, ya ɗaura warkinsa na noma, hauya a hannu ba a kafaɗa ba. Ana ganin ƙasusuwan haƙarƙarinsa. Bai yi kirari ba. Ya miƙo kai tsaye wurina, samari suka dare. Na ce in dukana zai yi ya daka, ba zan kare ba. Na ci gaba da waƙa, na zo wurin, na ce mijin Tani, baban Rahamatu.

Ya ɗaga hannu. Lado ya tsaya.

Ya ce, "Taken wa kake ta kaɗawa tun ɗazu?"

Na ce, "Naka, Sarkin Noma."

"Ba nawa ba ne. Ina zaure ina saurare, ina jira in ji nawa, ban ji ba."

Na ce, "Sodangi, tsoro na ji."

Ya matso har ina jin numfashinsa, ya rage murya yadda ko Lado da ƙyar ya ji. "Ya'u, kai ka kai shi. Kai kuma za ka hidda shi daga bakin mutane? Ni ba ni da bakin hwaɗi. Uwarshi ba ta da shi. Tun bazara ba wanda ya kira shi, kamar ba a yi shi ba. Ka hwaɗi."

Na juya na ce wa Lado, tsohon kiɗa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. 'Yan amshi ne suka ɗauka, dama bakinsu bai yarda da sabon ba. Baban Ilu. Sai na bi su. Samari suka amsa daga kan hanya, har a cikin dattawan da ke yabon kawaici na ji muryar wasu.

Ya duƙa. Babu saurin da, a kuyyar shuka ta farko ma sai da ya tsaya ya huta. Kansa na ƙasa, ba mai ganin fuskarsa, in ma wani abu ya ɗiga ba wanda zai ce ba gumi ba ne. Da ya kai ƙarshen kuyya ya juyo, ya dubi samarin ya ce, "Ku kallo kuka zo?" Suka afka gonar. Tunda shi ne a gaba ba taimako ba ne, gayya ce irin ta kullum.

Da azahar Tani ta kawo fura da kanta, abin da ba ta saba ba, yara take aikowa. Ta ajiye ƙwaryar a gindin gawo, ba ta tafi ba. Ta juya mana baya tana ta gyaran faifan da ke rufe da furar. Duk zuwan da na yi wurin sunan a cikin waƙa ban rage murya ba, ban kuma yi sauri a kansa ba. Ta daɗe tana gyaran faifan.

Gefen rafi ya riga ya lalace, sai dai a sa wake. Sauran zai yi, in Allah ya yarda.

Alhamis, da magariba.

An ƙarasa yau. Lado ya kaɗa, 'yan amshi suka ja waƙar, ni ina tsaye ina buɗe baki kamar kifi. Sodangi bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Da aka tashi kowa ya watse, na zauna kan kuyya ina cire ƙaya a ƙafa. Sai ya zo ya tsaya kusa da ni, yana kankare ƙasa daga bakin hauya da tsinke, bai dube ni ba.

"Ya'u."

Na ɗago.

"Garin can da nisa. Ban san hanya ba, ban san yadda ake shiga wurin malaman boko ba. Kai ka iya bakinsu. An ce akwai wanda ya san inda suka sa shi." Ya ci gaba da kankare hauyar da ta riga ta fita tas. "In an yi girbi, ka raka ni."

Na ce to, muryar ba ta fito ba. Na gyaɗa kai, shi kuma ba ya kallona. Sai na miƙa hannu na kama ƙotar hauyar, na riƙe, har ya daina kankarewa.